Jiƙa Harshe Kafin Busa

Akwai wani ɗan aiki da kowane mai busa saksofon yake yi kafin sauti ya fito daga abin busarsa, aikin da bai wuce minti biyu ko uku ba, wanda kuma 'yan kallo ba su cika lura da shi ba. Idan mai karatu ya taɓa tsayawa kusa da 'yan badujalar soja ko na 'yan sanda kafin a soma fareti, mai yiwuwa ya ga waɗansu daga cikinsu sun yi shiru, kowa da wani ɗan siririn kara a bakinsa kamar mai asuwaki, hannuwansu kuwa suna ta harhaɗa ƙarafa. Wannan ɗan kara shi nake so in yi magana a kansa, da dalilin da ya sa ake jiƙa shi, da kuma abin da jiƙawar ta nuna mini game da irin karatun da muke yi a wannan sashe namu. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da abin busan Turawa. Ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su yi mini haƙuri, domin hanyar da zan bi, ko da yake ta faro daga Faransa, a ƙofar fadar wani hakimi za ta ɓulle.

Kafin a ci gaba, tilas ne a raɗa wa abin suna. Masu busa a bariki sukan kira shi rid, kalmar da suka aro daga Turanci, ba su kuma damu da neman wata ba. Ni dai a wannan rubutu zan kira shi harshe, domin a cikin baki yake zama, shi ne yake motsi, in kuwa babu shi saksofon bebe ne. Abin da ake ɗora harshen a kai, watau ɗan baƙin abin nan na roba mai tauri ko na ƙarfe da mai busa yake kamawa da leɓɓansa, zan kira shi baki. Ɗan zoben da yake ɗaure harshe a jikin baki kuwa zan kira shi ɗamara. Ban ce waɗannan sunaye sun zauna ba, shawara ce kurum na kawo, wanda yake da waɗanda suka fi su sai ya fito da su mu amfana.

Saksofon ba tsohon abin busa ba ne idan aka gwada shi da kakaki ko algaita. Wani maƙerin kayan busa mutumin Beljiyam, Adolphe Sax, wanda aka haifa a garin Dinant a 1814, ya rasu a birnin Paris a 1894, shi ya ƙirƙiro shi, ya kuma sami takardar mallakar ƙirƙirarsa a Paris a 1846. Dabarar da ya yi ita ce haɗa jikin tagulla mai faɗaɗa zuwa ƙasa da baki mai harshe ɗaya irin na kilarinet. Sojojin Faransa suka karɓe shi cikin badujalarsu, daga nan ya bazu, har ya faɗa hannun baƙaƙen fatar Amurka waɗanda suka mai da shi uban kiɗan jaz, irin su Charlie Parker da John Coltrane. Nan Afirka ta Yamma ma ta hanyar badujalar soja da ta 'yan sanda ya shigo a zamanin mulkin Turawa, sa'an nan ya shiga gidajen rawa. E. T. Mensah na Gana ya busa shi, Fela Anikulapo Kuti, wanda ya rasu a 1997, ya busa shi a Legas, haka nan Manu Dibango na Kamaru wanda waƙarsa Soul Makossa ta 1972 ta zagaye duniya. Duk waɗannan mashahuran, kome girman dandalin da za su hau, sai sun fara da jiƙa ɗan kara kamar yadda kurtun da ya shiga badujala jiya yake yi.

Shi wannan kara masana tsirrai suna kiransa Arundo donax. Yana kama da kyauro, amma ya fi shi kauri da tauri, cikinsa rami ne kamar gora, tsayinsa kuwa yakan kai mita 6. Yana fitowa a ƙasashe da dama, amma wanda masu busa suka fi yabawa shi ne na lardin Var da ke kudancin Faransa, bakin tekun Bahar Rum. A can sai kara ya yi shekara biyu a gona kafin a sare shi a lokacin sanyi, sa'an nan a shanya shi, a adana shi har wajen shekara biyu kuma kafin a tsaga shi a feƙe. Kamfanin Vandoren, wanda aka kafa a Paris a 1905, yana cikin waɗanda suka fi daɗewa a wannan sana'a. Harshen matsakaicin saksofon, wanda ake kira alto, tsawonsa kimanin santimita 7 ne. Gindinsa yana da kauri da sauran ɓawo a bayansa, daga tsakiya kuma aka feƙe shi yana sirancewa har tsininsa ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita, in ka ɗaga shi sama kana ganin haske ta cikinsa. Ana buga masa lamba gwargwadon taurinsa, yawanci daga 1 zuwa 5, mai koyo ya fara da mai laushi, gwani ya hau sama gwargwadon ƙarfin leɓɓansa da irin bakin da yake amfani da shi. Ashe ke nan abin da mai busa yake sakawa a bakinsa ya shekara kusan huɗu yana tafe, biyu daga cikinsu kuma ba abin da aka yi sai fitar masa da ruwa. Sai ga shi aikin farko da za a yi masa shi ne mayar masa da ruwan.

Na koyi wannan ne a wurin wani tsohon ɗan sanda da ke unguwarmu, wanda ya yi aikinsa duka a badujala har ya yi ritaya. Kowa Baba Saje yake ce masa. A shekaru biyun da na yi ina jiran samun gurbin shiga jami'a, mu huɗu ne muke zuwa zaurensa bayan la'asar. Saksofon ɗaya gare shi, tsoho, wanda ruwan gwal ɗin jikinsa ya goge saura tabo-tabo, amma kowannenmu sai da ya sa ya nemi nasa harshen, domin ya ce harshe kamar asuwaki ne, ba a aronsa. A makon farko bai bari ko ɗayanmu ya fitar da sauti ba. Abin da muka yi ta yi shi ne jiƙa harshe, da ɗora shi bisa baki, da daidaita tsininsa da tsinin baki har sai abin da ya rage ya zama kamar silin gashi, da ɗaure ɗamara ba tam-tam ba, ba kuma sako-sako ba, sa'an nan a kwance a sake. Ɗaya daga cikinmu ya gaji, ya ce, "Baba, mu fa busa muka zo koya." Sai ya dube shi ya ce, "Yaro, ai busar ke nan kake yi. Matar da ba ta iya jiƙa gero ba, wa zai ba ta dama fura?" Wannan yaron bai ƙara mako biyu ba ya daina zuwa.

Dalilin jiƙawa yana cikin yadda sauti yake samuwa. Idan mai busa ya tura iska, tsinin harshe yakan lanƙwasa ya rufe 'yar kafar da ke tsakaninsa da baki, ya sake buɗewa, ya sake rufewa, da saurin da ido ba ya gani. A saksofon alto wannan buɗewa da rufewa tana faruwa daga kimanin sau 140 a daƙiƙa ɗaya a sauti mafi ƙasa, zuwa sama da sau 800 a sauti na sama. Busasshen kara ba ya iya wannan rawa yadda ya kamata, domin yana da tauri da gautsi. Ko dai ya ƙi motsi sai an matsa masa da iska mai yawa, ko ya saki wata tsuwa mai tsinka kunne, ko kuma tsininsa ya tsage. Jikin kara kuwa cike yake da 'yan siraran jijiyoyi waɗanda suke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye tun yana gona, da wani nama mai laushi a tsakaninsu. In ruwa ya shiga, sai naman ya kumbura kaɗan, zaruruwan su yi laushi, kara ya iya lanƙwasawa ya komo ba tare da ya karye ba. Masu saƙar tabarma da faifai sun san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa ba wanda yake saƙa da busasshiyar kaba sai ya yayyafa mata ruwa. Baba Saje ya nuna mana jijiyoyin nan da ido: ya jiƙa harshe, ya kama gindinsa da leɓɓa ya hura, sai ga 'yan ƙananan kumfa suna tsattsafowa a wurin da aka feƙe.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda masu koyo suka fi mantawa da shi. Cikin harshe, watau gefen da yake kwanciya bisa baki, tilas ne ya zama shimfiɗaɗɗe sumul, ya manne yadda iska ba za ta sulale ta gefe ba. Kara kuwa in ya jiƙe ya bushe, ya sake jiƙewa ya sake bushewa, yakan karkace. Da zarar an tsoma tsohon harshe a ruwa, sau da yawa za a ga tsininsa ya yi ƙunji-ƙunji kamar gefen ganyen latas, saboda wani wuri ya riga wani shan ruwa. Wanda bai sani ba sai ya ce harshe ya lalace, ya jefar. Wanda ya sani kuwa sai ya ƙara masa minti ɗaya ko biyu, ya ɗora shi bisa gilashi ya danna tsinin da babban yatsa a hankali, sai ya miƙe. Saboda haka ne ake jiƙa harshe gaba ɗayansa har gindi, domin in tsini ya sha ruwa gindi yana bushe, mannewar ba za ta yi ba. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce. Bayan an ɗaure ɗamara, sai a toshe ƙarshen baki da tafin hannu, a zuƙe iskar da ke ciki, a saki. Idan harshe ya manne, zai tsaya a rufe na ɗan lokaci sa'an nan ya buɗe da ƙara, ɗas! Idan bai yi wannan ƙara ba, akwai inda iska take zurarewa.

Masu busa sun rabu biyu a kan abin da ya fi dacewa a jiƙa da shi, yawu ko ruwa. Masu son yawu suna cewa kullum yana tare da kai, da ɗuminsa, kuma kana iya jiƙa harshe a baki hannuwanka suna haɗa sauran kaya, ba a ɓata lokaci. Masu son ruwa kuwa suna cewa yawu yana ɗauke da sinadaran narkar da abinci da kuma guntattakin abin da aka ci, waɗanda suke toshe jijiyoyin kara su rage masa kwana, ga shi kuma ruwa ya fi ratsa shi bai-ɗaya. Baba Saje yana tsakiya. Sabon harshe, ko wanda ya kwana biyu a ajiye, ruwa yake ba shi a cikin wata 'yar kwalbar magani da ya wanke, ruwan randa, ba mai zafi ba, na minti biyu zuwa uku. Wanda aka busa jiya kuwa baki ya ishe shi. Abin da bai yarda da shi ba sam shi ne a bar harshe cikin ruwa a tafi hira. Kara in ya sha ruwa fiye da kima yakan yi nauyi, tsininsa ya yi duhu-duhu kamar takardar da mai ya taɓa, sautinsa ya dushe kamar muryar mai mura. Tsakanin bushewa da jiƙewa sharkaf akwai wani ɗan matsayi, shi ake nema, kuma ba agogo ne yake nuna shi ba, leɓe ne da ido.

Waɗanda suka rubuta littattafan koyon saksofon a Turai da Amurka ba su yi tunanin goro ba, amma a zauren Baba Saje shi ne doka ta farko. Mutum ne mai cin goro ƙwarai, duk da haka ban taɓa ganin ya kai harshe bakinsa ba sai ya kurkure baki sau uku. Ya ce a bariki kana gane harshen ɗan Arewa daga nesa, domin ya yi ja wur, kuma irin wannan ba ya kai rabin kwanakin na sauran. Shayi mai sukari ma haka, bayan ɓata harshe har yakan bi iska ya sauka cikin saksofon, ya sa 'yan fatun da suke rufe ramuka su riƙa mannewa, ka danna maɓalli ya ƙi tashi a tsakiyar waƙa.

Ba su kuma yi tunanin hunturu irin namu ba. A watan Janairu laimar da ke cikin iska a ƙasar Hausa takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, lokacin da leɓe yake tsagewa, ƙofar katako ta daina shiga gurbinta. A irin wannan yanayi harshen da aka jiƙa da kyau yana iya bushewa a kan baki kafin mai jawabi ya gama jawabinsa. Shi ya sa mai busa da ya san aikinsa, in an tsaya, yakan rufe baki da hularsa, ko kuwa ya riƙa kai shi bakinsa lokaci-lokaci ba tare da ya busa ba. Baba Saje ya ba mu labarin faretin da suka tsaya a fili tun hantsi suna jiran babban baƙo, hazo ya rufe gari, da aka ɗaga sanda a fara, sai rabin masu saksofon suka saki tsuwa gaba ɗaya, mai ba da umurni kuwa bai manta da su ba da aka koma bariki. Da damina kuma sai matsalar ta juye. Harshen da aka rufe cikin kube da danshinsa, kwana biyu sun isa ya yi fumfuna baƙa, wanda ba ya kankaruwa, ba kuma abin da mai hankali zai mayar bakinsa ba ne. A ƙasashen waje ana sayar da 'yan akwatuna masu riƙe laima daidai wa daida. Shi kuwa Baba Saje guntun gilashin taga ya samu ya goge gefensa, yana jera harsuna a kai ya ɗaure da robar kuɗi, da hunturu ya sa cikin leda, da damina ya bar su a sarari.

Duk wannan tattali yana da alaƙa da aljihu. Ba a yin harshen saksofon a ƙasar nan, daga waje ake kawo shi, na alto guda goma a kwali, farashinsa kuma yana bin kuɗin waje, tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023 abin ya ƙara tsanani. Cikin goman nan ma ba duka ne suke yin daɗi ba, gama kara tsiro ne, ba a samun biyu da suka zama ɗaya. Don haka aka koya mana kada a ɗora wa sabon harshe aiki mai yawa a ranar farko: a jiƙa shi, a busa minti biyar a hankali, a ɗauraye, a goge, a ajiye, gobe a ƙara kaɗan, har ya saba da shan ruwa da bushewa. Aka kuma koya mana riƙe uku ko huɗu, a rubuta musu lamba da fensir a gindi, a riƙa juya su, kada a kashe ɗaya da aiki a wayi gari ranar biki babu madadi. Gaskiya ne yanzu akwai harshen roba, irin wanda kamfanin Légère na ƙasar Kanada ya soma yi a 1998, wanda ba ya bukatar jiƙawa, ba ruwansa da hunturu ko damina, kuma manyan masu busa da dama sun karɓe shi. Ban ga laifinsa ba, ga wanda yake zaune a ƙasa mai bushewa irin tamu ma yana da amfani a fili. Amma har yanzu mafi yawan masu busa kara suke so, saboda wani zaƙi da suke ji a sautinsa.

Yanzu sai in zo ga fadar hakimin da na ambata. A shekarata ta biyu a wannan sashe aka ba mu aikin fita bincike a kan makaɗan fada, ni kuma na tafi wani gari da ke kusa da na kakannina. A can na sami wani dattijo mai busa algaita, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Na yi masa tambayoyin da aka saba, na take da kirari da lokutan da ake busa, ya amsa mini kamar wanda ya sha amsa su. Ana cikin haka aka aiko cewa hakimi ya kusa fitowa. Sai na ga ya zaro wani ɗan gwangwani daga aljihu, ya zaɓi wani ɗan kara da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, ya jefa shi a baki, ya ci gaba da sauraron magana yana juya shi da harshensa. Na ce, "Baba, jiƙa shi kake yi?" Ya tsaya ya dube ni da kyau, ya fitar da karan, ya ce, "Ɗan nan, kai ma kana busa ne?"

Daga wannan tambaya hirar ta canza. Bayan hakimi ya shiga gida muka zauna har magariba ta kawo jiki. Ya nuna mini cewa algaita harshe biyu gare ta, watau kara ɗaya ne aka matse bakinsa ya zama leɓɓa biyu masu bugun juna, kuma gaba ɗayansa yake shiga cikin bakin mai busa, leɓɓan mutum suna tokare da wani faifan ƙarfe, kumatu su zama mazubin iska, ana shaƙa ta hanci ana turawa ta baki ba tare da sauti ya yanke ba. Ya ce in karan ya bushe bakinsa yakan hangame ko ya tsage, in ya jiƙe da yawa ya liƙe, algaita ta yi shiru a gaban sarki, abin da ya ce bai taɓa samunsa ba, amma ya ga ya sami wani. Shi da kansa yake zuwa ya zaɓo karan, shi yake yankawa ya ɗaure ya matse, ya kuma ce cikin goma da wuya a sami uku na kirki. Na yi dariya da na ji wannan lissafi, domin kusan shi ne na Baba Saje game da kwalin da ya fito daga Paris. Mutanen nan biyu ba su taɓa haɗuwa ba, ɗaya ya koya a bariki, ɗaya a ƙofar fada, amma da za a zaunar da su wuri ɗaya da ba su bukaci tafinta ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ya yi da zan tafi. Ya ce ɗalibai sun sha zuwa wurinsa da na'urar ɗaukar magana, kowa take yake nema da kirari, ba wanda ya taɓa tambayarsa inda yake samo kara, ko watan da ake yankansa, ko yadda ake gane mai kyau. 'Ya'yansa maza kuwa, babban yana tuƙa a-daidaita-sahu a birni, ƙaramin yana makaranta, ba wanda ya zauna ya koya. Ya ce jikin algaita yana iya shekara hamsin a rataye, amma harshenta na 'yan kwanaki ne, ranar da aka rasa mai yin sa, sai a kai ta gidan tarihi.

A ganina wannan magana da mu take. A wannan sashe mun ba da ƙarfi ƙwarai ga abin da ake iya rubutawa a takarda: baitin waƙa, da jigo, da salo, da tarihin mawaƙi, kuma ba ƙaramin aiki aka yi ba. Amma ilmin da yake cikin yatsu da leɓɓan masu sana'a, irin na jeme fatar kalangu, da zaɓen ƙwaryar goge, da tsinkar izgar da za a ɗaura mata, da yankan harshen algaita, kaɗan ne daga cikinsa ya shiga kundayenmu. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da na masu yin su a littafin da suka fitar a 1971, yau fiye da shekara hamsin ke nan. Suna kuwa matakin farko ne kawai. Ko tilɓoron da yaran ƙauye suke yi da karan dawa bayan girbi, wanda ake tsaga ɗan harshe ɗaya a jikinsa, ɗan'uwan saksofon ne ta wajen yadda yake fitar da sauti, amma yara nawa ne a cikin birni suka taɓa ganinsa? Tare da kowace irin sana'a akwai kalmominta, na aikatau da na suna, waɗanda ba a jin su a ko'ina sai a bakin mai yin ta yana cikin yi. In sana'ar ta tafi, da su za ta tafi, ƙamus kuma ba zai san ya yi rashi ba.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwana da za su fita bincike bana ita ce su isa wurin makaɗi tun kafin a fara kiɗa, su zauna su ga abin da yake yi da hannunsa lokacin da ba wanda yake kallo, su tambayi sunan kowane abu da kowane motsi, su rubuta shi yadda ya faɗa. Ga malamanmu kuma ina roƙon a duba ko za a yarda ɗalibi ya rubuta kundin kammala digiri a kan yadda ake yin abin kiɗa ɗaya tak, daga daji har zuwa fada. Ni dai na nemi izinin yin nawa a kan harshen algaita, dattijon nan kuma ya yi mini alkawarin in kaka ta yi zai tafi da ni inda yake yankan kara. Allah ya kai mu da rai da lafiya, mu da shi.